Yadda ake riƙe tabar lofe a kan hanya idan daga Legas aka taso

Tabar lofe iskar da ta samu kanta a ciki take bi. In iskar da laima, ta sha. In busasshiya ce, ta saki nata danshin. Inda take zama daidai shi ne iskar da laimarta take tsakanin kashi 55 zuwa 65 cikin 100. Ƙasa da haka ta bushe, ta farfashe, ta ci wuta da sauri ta ƙone harshe. In ya wuce kashi 70 kuma ga zafi, funfuna ta samu gida.

To Legas da damina laimar iskarta kan haura kashi 80, musamman daga Mayu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba. Kano da hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20. Mutumin da ya hau mota a Agege ko Alaba Rago ya nufi Arewa, cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i da hunturu ya fita daga iska mai laima ya shiga busasshiya, taba kuma tana jin canjin tun kafin leɓensa ya fara tsagewa. Shi ya sa yawancin shawarar da ake ɗaukowa daga Ingila da Amurka take cutar da mu a nan. Su bushewa suke yaƙi da ita, kullum maganarsu a ƙara ruwa. Wanda ya ƙara wa taba ruwa a Idi-Araba cikin watan Yuni ya yi wa funfuna shimfiɗa ne. Aikin mazubi a wurinmu shi ne ya raba taba da iskar waje, ko wace iri ce, ya bar ta yadda aka zuba ta.

Gwada tabar kafin ka ɗaure kaya

Tsunkulo taba da yatsu uku, ka matse ta daƙiƙa biyu ko uku, ka saki a kan farar takarda. In ta zauna a dunƙule kamar an mulmula ta, ta jiƙe da yawa. In ta warware a hankali, silinta na lanƙwasa ba ya karyewa, ta yi daidai. In ta yi ƙaras-ƙaras ta bar gari a takarda, ta bushe.

Wannan gwaji a yi shi kwana ɗaya kafin tafiya, domin rufaffen mazubi ba ya gyara komai. Abin da ka rufe, shi za ka buɗe, sai dai in ya ƙara lalacewa.

Mai jiƙa a baza ta siriri a kan takarda marar rubutu, ba jarida ba, don tawada tana ba da wari. A ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki minti 20 zuwa 30 ya isa, saboda na'urar tana tsotse ruwan iska. A ɗakin da fanka kawai ake da ita, da damina, kada ka sa rai: tabar tana iya tashi da danshin da ya fi wanda ta kwanta da shi. Nan sai a nemi tsakar rana mai haske, a baza a inuwa inda iska ke wucewa, a riƙa gwadawa duk minti 10. Rana kai tsaye tana kore ƙanshi kafin ta kore ruwa.

Mai bushewa kuwa, a Legas maganinta kyauta ne. Baza ta a faranti da yamma awa ɗaya ko biyu, ka rufe da siririn ƙyalle saboda ƙura da ƙwari, iskar garin za ta yi aikin.

Lissafin abin da za a ɗauka

Cikin lofe matsakaici yana cin giram 2 zuwa 3. Mai sha sau uku a rana yana cin kusan giram 8, wato gwangwani ɗaya mai giram 50 ya kai shi kwana shida. Lissafa kwanakinka, ka ƙara na kwana biyu saboda hanya ba ta da alƙawari, ka tsaya nan. Direban tirela da ke jiran lodi a Apapa ya fi kowa sanin cewa kwana uku kan koma goma, shi sai ya ninka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar tabar gaba ɗaya a mazubi guda, ana buɗewa sau biyar ko shida a rana. Duk buɗewa ɗaya, iskar ciki ta fita, ta waje ta shiga, tabar ta daidaita da sabuwar. Kwana huɗu a haka cikin hunturu, giram 50 ya zama gari. Don haka a raba ta gida uku: wadda za ta zauna a gida, guzurin tafiya, da ta aljihu. Guzurin kuma a sake ƙulla shi ƙananan ƙulli na kwana biyu-biyu, giram 15 zuwa 20 kowanne, ta yadda ƙullin ranar Juma'a ba zai ga iska ba sai ranar Juma'a. Masu goro a Agege sun daɗe da sanin wannan: huhu yana rufe da ganyensa, wanda za a sayar a yini kawai ake fitarwa kan faranti.

Mazubi

Kwalba mai murfin ƙarfe da zoben roba a ciki ita ce uwar mazubai. Gilashi ba ya barin iska ta ratsa, ba ya riƙe wari, ba ya tsatsa. Aibinta nauyi da fashewa. Ga tafiya, ƙarama mai cin mililita 120 zuwa 250 ta isa. A sa ta cikin safa mai kauri, a cusa tsakiyar tufafi. Wanda zai yi amfani da tsohuwar kwalbar jam ko ta Bama ya wanke ta da ruwan zafi da sabulu marar ƙanshi, ya jiƙa ta dare ɗaya da ruwan da aka zuba wa cokali ɗaya na garin soda na gashin burodi (baking soda), ya shanya ta yini guda a rana. A murfi wari yake ɓuya. In akwai kwali a cikinsa a cire, in an shinshina bayan wanki an ji ko da alamar abin da ya zauna a ciki, a canja murfin. Gwajin rufuwa mai sauƙi ne: sa busasshiyar takardar goge hannu a ciki, rufe, nutsa kwalbar a bokitin ruwa minti ɗaya. In takardar ta fito a bushe, kwalbar ta ci jarrabawa. Sai a tabbatar bakin murfin ya bushe ƙarau kafin a zuba taba.

Girman kwalba ya dace da yawan taba. Giram 20 a cikin kwalbar rabin lita yana zaune ne da iska mai yawa, kuma duk buɗewa wannan iskar ce ake musanyawa. A cika kamar kashi uku cikin huɗu, a danna kaɗan, ba a dake ba.

Bayan kwalba sai jakar Mylar, ledar nan mai ƙyalli da aka yi wa shafin alminiyam a ciki, irin wadda ake zuba garin kofi ko madara. Mai zif a baki ake nema. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa, kuma laima ba ta ratsa ta kamar yadda take ratsa farar leda. Ga mai tafiyar mako biyu ko uku, ita ta fi dacewa da ƙananan ƙullin nan. Matse iskar ciki, ja zif ɗin sau biyu da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ka kula kada silin taba ya maƙale a bakin zif. Sili ɗaya ya isa ya bar ƙofa a buɗe.

Farar leda mai zif ta yini ɗaya ce zuwa uku. Ido yana ganin ta a rufe, amma tururin ruwa da ƙanshi suna ratsa jikinta a hankali. Shaidar ita ce kana jin ƙanshin tabar daga waje. In ita kaɗai ake da ita, a nemi mai kauri ta firiza, a ninka biyu, zif ɗin ta ciki yana kallon ƙasan ta waje. Baƙar ledar kasuwa kuwa kada ta taɓa taba, warin robarta yana kama ganye cikin 'yan sa'o'i in ta ji zafi.

Gwangwanin da tabar ta zo a ciki, muddin ba a fasa shi ba, babu abin da ya fi shi, don a masana'anta an zuƙe iskar ciki kafin a rufe. Danna tsakiyar murfin: in a lotse yake ba ya motsi, rufinsa na nan. Da zarar an fasa, labari ya canja. Mai kusurwa huɗu ba ya sake rufuwa da kyau, mai zagaye ya ɗan fi shi. Ga kuma iskar teku mai gishiri da ke sa bakin gwangwani tsatsa a Legas cikin 'yan makonni. In dole da fasasshen gwangwani za a tafi, a shimfiɗa leda mai tsabta a bakinsa kafin a mayar da murfi, a zagaye mahaɗar da salatif, a sa shi cikin jakar zif.

Sai jakar fata, wadda ita ce abin alfaharin mai lofe, kuma ita ta fi ɓata taba. Fatar jima da bagaruwa irin ta dukawan Kano kyakkyawa ce, amma fata tana numfashi. A Arewa tana tsotse danshin taba ta miƙa wa iska. A Legas tana shan laima da gumin jiki, har ka ga fari-fari ya fito a ɗinkinta bayan mako guda a cikin durowa. Jakar taba ta gaskiya tana da shafin roba a ciki. In za ka ba baduku ya ɗinka maka, ka ce masa ya yi shafin daban kamar aljihu mai cirewa, kada allura ta huda shi tare da fatar. In babu shafi, sa tabar yini a ƙaramar ledar zif, ledar a cikin jakar. Kada abin da ke ciki ya wuce giram 10, kuma abin da ya kwana a gwada shi da yatsa kafin a ƙara sabo a kai.

Irin tabar ma yana da magana

Yanka mai siririn sili shi ya fi saurin bushewa da saurin jiƙa, saboda ko'ina na jikinsa a buɗe yake ga iska. Wadda aka danne aka yanka falle-falle, mai Flake a rubuce a gwangwaninta, ta fi jure hanya nesa ba kusa ba, dunƙulalliya da ake yanka da wuƙa ta fi su duka. Mai doguwar tafiya ya ɗauki irin waɗannan, ya riƙa murje falle ɗaya a tafin hannu lokacin da zai sha.

Masu ƙanshin zuma, banila ko 'ya'yan itace galibi an sa musu sinadarin riƙe danshi, don haka ba sa saurin bushewa a Arewa, amma a Legas su ne suke yin danƙo, su riƙa tara ruwa a gindin lofe yana ƙara kamar ana kurkurar baki. Mai Latakia, wadda da hayaƙin itace ake busar da ganyenta, warinta yana bin duk abin da ya kwana kusa da ita. A ware mata nata mazubin, kada a haɗa ta jaka ɗaya da irin tabar da ake kira Virginia, wadda ba ta da warin hayaƙi.

Ganyen gida, irin wanda ake nomawa a yankin Iseyin ta jihar Oyo ko a fadamun Arewa, a tafi da shi ganye-ganye a naɗe, a yanka na yini kawai. Shi ne kuma ya fi zuwa da ƙwaron taba, ɗan ƙaramin ja-ja mai huda ganye ya bar ƙananan ramuka da gari. Zafin Legas yana ƙyanƙyashe ƙwansa da wuri. Maganinsa a rufe ganyen cikin jakar zif biyu, a sa a firiza mai daskarar da ruwa sosai kwana uku zuwa huɗu a jere, in ba a ɗauke wuta ba. Bayan an fitar kada a buɗe sai jakar ta huce ta koma zafin ɗaki, awa shida ko fiye.

Jakar daidaita laima, da inda take da amfani

Akwai 'yar jakar takarda mai ruwan gishiri a ciki da ake sakawa cikin mazubi, wadda aka fi sani ta kamfanin Boveda. Tana aiki ta fuska biyu: ta ba da danshi in ya yi ƙasa, ta tsotse in ya yi yawa. Lambar da ke jikinta ita ce laimar da take riƙewa. Ga tabar lofe a nemi mai 62 ko mai 58. Masu 69 da 72 na naɗaɗɗiyar tabar ganye ne da ake kira cigar, a zafin Legas sun yi kusa da iyakar funfuna. Mai giram 8 ta ishi ƙulli ɗaya ko ƙaramar kwalba. In ta taurare kamar kwali ta ƙare. A cikin jakar fata marar shafi ɓarnar kuɗi ce, domin za ta yi ta ƙoƙarin daidaita iskar gari gaba ɗaya.

Wanda bai same ta ba kuma ya isa Arewa da hunturu, ga tsingaron sabuwar tukunyar ƙasa. A fasa guntu kamar faɗin kwabo, a tafasa shi minti 10, a bar shi ya huce a cikin ruwan, a goge bayansa har ya daina sheƙi, a ɗora shi a kan 'yar leda a saman tabar, a rufe dare ɗaya, da safe a cire. Ruwan a yi amfani da tafasasshe da ya huce, ko tataccen ruwa na kemis. Yankan tuffa, ɓawon lemo, dankali ko ganyen latas da wasu ke sakawa, duk a bar su. Suna ba da danshi, amma da sukari da ƙwayar funfuna suke zuwa, kwana biyu a rufe cikin zafi sun gama da tabar.

A cikin mota

Zafi ya fi nisan hanya ɓarna. Motar da aka rufe a rana cikinta yana iya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, gaban gilashi ya fi haka. A wannan zafi ruwan cikin ganye yana tashi ya zama tururi, in wuri ya huce ya sauka a jikin leda ɗigo-ɗigo. Sai ka tarar da saman tabar a jiƙe, ƙasanta a bushe, kuma daga ɗigon nan funfuna take farawa. Don haka ba a gaban mota ba, ba a akwatin gaban fasinja ba, ba kusa da murfin inji a kan tirela ba. Tsakiyar jakar tufafi, a ƙarƙashin kujera ta ɓangaren inuwa. A doguwar bas kada guzurin taba ya shiga but, inda zai kwana kusa da zafin inji da jarkokin manja da buhun busasshen kifi. Ya zauna a jakar hannu.

Taba tana kwasar wari fiye da yadda ake zato. Turaren wuta, humra, kafur ɗin da ake sawa cikin akwati, sabulun wanka, fetur, daddawa, yajin kilishi a hanyar dawowa, duk suna ratsa farar leda. Kuma warin da ya shiga ba ya fita.

Sanyin na'ura ma yana da nasa. Wanda ya sauko daga jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan, ko daga mota mai sanyi, kwalbarsa ta yi sanyi. In ya buɗe ta nan take a iska mai laima, raɓa ta kwanta a cikin gilashin da kan tabar. A jira minti 20 zuwa 30 kwalbar ta koma zafin waje. Wannan dalili ne ya sa firji ba wurin ajiyar taba ba ne, balle inda ake ɗauke wuta ana kawowa: kowane zagaye na sanyi da hucewa sabuwar raɓa ce.

Ta hanyar Ilorin, daga an haye gadar Jebba aka nufi Mokwa da Tegina a watannin Disamba zuwa Fabrairu, iska ta fara bushewa sosai. Daga nan a rage buɗe jakar aljihu, a cika lofe da sauri a rufe, kada a bar ta a buɗe a kan cinya ana hira. Minti biyar a iskar hunturu ya isa ya busar da cikin lofe guda, wanda hakan alheri ne in tabar ta taso daga Legas da ɗan nauyin danshi.

Mai tashi ta filin jirgin Murtala Muhammed ya sa taba a jakar hannu, a rufe, don iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai. Layita ko ashana ba a yarda da su a cikin akwatin da za a auna ba. Ƙarfen share lofe mai kaifi kuma ya shiga akwati. Mai fita ƙasar waje ya duba iyakar da kwastan na can suka sa. Ingila giram 250 ne.

A tuna kuma dokar jihar Legas ta 2014 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, har da motocin haya, dokar tarayya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kusa da tankar mai ko layin lodi a defo babu zancen kunna ashana. Kuma gaskiyar da kowane mai lofe ya sani: kyan adana ba ya rage illar taba ga baki, maƙogwaro da zuciya. A gidan da aka sauka a ɗaga ta sama inda yara ba sa kaiwa, domin yaro in ya tauna ya haɗiye guba ce a gare shi.

Lofen kansa

Kada lofen da aka sha ya kwana aljihu ɗaya da taba. A bar shi ya huce, a zubar da toka da guntun da ya rage a gindi, a zura tsinken sharewa mai auduga ta bututun har ya fito ba baƙi, sannan a naɗe shi a ƙyallensa daban. Kada a zare bakin lofe yana da zafi, nan ne mahaɗar take tsagewa ko ta saki. A Legas lofe yana daɗewa bai bushe ba, don haka mai sha kullum ya tafi da biyu yana hutar da ɗaya.

In an buɗe an ga fari-fari

Fito da tabar haske ka duba da kyau. A kan mai falle-falle wani lokaci akan ga ɗan ƙyalli kamar garin sukari, a kwance, ba shi da gashi, ƙanshin tabar bai canja ba. Wannan ba komai. Funfuna kuwa tana da gashi kamar auduga ko saƙar gizo, fara ko kore ko shuɗi-shuɗi, tana tashi tsibi-tsibi, da warin ɗakin da ruwa ya kwana. In ita ce, ƙullin gaba ɗaya ya tafi bola. Cire inda ya yi fari a sha sauran ba dabara ba ce, saiwarta ta riga ta bi cikin ganyen inda ido ba ya gani, kuma huhu za a kai ta. Ledar a yar, kwalbar a tafasa ta minti 10 a canja murfi. A nan ne ƙananan ƙulli suke biyan wahalarsu: ɗaya ya lalace, saura suna nan.

Bayan an dawo Legas, ragowar guzuri kada a juye shi cikin babbar kwalbar gida. A gwada shi da yatsa. In ya bushe a baza shi awa ɗaya da yamma, a rufe shi a tasa kwalbar, a duba bayan mako guda. In babu gashi babu baƙon wari, a fara shanye shi kafin a taɓa na gida. Jakar fata a zazzage ta, a goge shafin da ƙyalle mai ɗan danshi, a bar ta a buɗe a inuwa har ta bushe, sannan a ajiye ta inda iska ke wucewa tare da 'yar jakar tsotse laima irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi.